Nazari: Me ya sa masu tarakta ba su san irin motarsu ba sai ranar da ta lalace?

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli, babu abin da ake rububi a kansa a karkarar kudancin Nijar, arewacin Kamaru da kewayen tafkin Cadi kamar tarakta. Da zarar an samu ruwan shuka, manoma kan yi layi wajen mai ita, wasu ma tun da bazara suka ba da kafin alƙalami. Kwanakin kaftu ba su da yawa, kuma kowa ya san gonar da aka yi latti a kanta ba ta cika kamo ta maƙwabta ba. A daidai wannan lokaci ne taraktoci suka fi lalacewa, domin a lokacin ne ake yi musu aikin dare da rana. A lokacin ne kuma wata matsala da ba a cika magana a kanta ba take fitowa fili: mutane da yawa da suka zuba miliyoyin kuɗi suka sayi tarakta ba su san takamaiman irin wadda suka saya ba.

Duk mai sayar da kayan gyara a Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Kano ya saba da yadda cinikin ke farawa. Zai tambayi mai saye, "Alhaji, wace iri ce?" Amsar da ta fi yawa ita ce, ja ce, ko Masi ce, ko kuma irin wadda gwamnati ta raba ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi da ta isa a ɗauko kaya daga kanta. Massey Ferguson ja ce, Mahindra ta Indiya ja ce, YTO ta Sin ma ja ce. Shuɗi kuwa New Holland da Sonalika duk sun yi tarayya a kansa. Daga nan sai a koma cinikin kirdado: a ba shi abin da ya yi kama, ya biya, a ɗaure a kwali a ba direban motar haya. Sai kayan sun isa ƙauye, makanike ya zo ɗaurawa, sannan a gane ba nata ba ne.

Suna ɗaya, inji daban

Wanda ya san lambar da ke rubuce a murfin taraktarsa ma bai tsira ba. Misalin Massey Ferguson 375 ya isa, kasancewarta ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a gonakin ƙasar Hausa. Akwai 375 da aka ƙera a masana'antar Banner Lane da ke Coventry a Ingila tsakanin 1986 da 1997, mai injin Perkins A4.236, wanda faɗin silindarsa milimita 98.4 ne. Akwai kuma 375 da kamfanin Millat ke ƙerawa a Lahore ta Pakistan da lasisin Massey Ferguson, wadda ake shigowa da ita sabuwa fil har yanzu, kuma faɗin silindar injinta milimita 101 ne. Launi ɗaya, tambari ɗaya, lamba ɗaya. Bambancin bai kai milimita uku ba, abin da ido ba zai kama a cikin shago ba, amma ya isa ya sa fistan da zobbansa su zama ba su da amfani ga wanda ya saya.

Tarihin kamfanin ne ya jawo haka. Shekara da shekaru Massey Ferguson na ba da lasisi ana ƙera taraktocinsa a ƙasashe da dama: TAFE a Indiya, Millat a Pakistan, Uzel a Turkiyya, masana'antar Tabriz a Iran, ga kuma na Brazil da na Beauvais a Faransa. Kowace masana'anta ta riƙa sauya wasu abubuwa daidai da kayan da take samu a gida: kuloc, birki, famfon sitiyari, wayoyin wuta. Masana'antar Coventry ta daina ƙera tarakta tun farkon shekarun 2000, amma ƴaƴanta na nan suna aiki, suna ta shigowa gwanjo ta Lome, Duwala da Legas. Haka labarin Fiat yake. Akwai tsofaffin da aka taɓa harhaɗawa a kamfanin NTM na Kano, akwai 480 da 640 da Al-Ghazi ke fitarwa daga Pakistan da tambarin New Holland. Ga sauran Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, waɗanda wasunsu suka tsallaka iyaka tun da daɗewa. Ga Belarus, wadda MTZ-80 da MTZ-82 kusan jiki ɗaya ne, sai dai ta biyun tana ja da ƙafa huɗu, don haka gabanta duka daban ne.

Saboda haka lambar da ke kan murfi rabin suna ce kawai. Cikakken sunan yana kan ɗan faifan ƙarfe da masana'anta ke maƙalawa a jikin motar, mai ɗauke da lambar da aka ƙera ta da ita. Inji yana da tasa lambar daban, an buga ta a jikin bulok. A injinan Perkins haruffa biyun farko su ne ke faɗin dangin injin: LD na nufin 4.236, LF na nufin 4.248, CE kuma injin nan ne mai silinda uku na dangin 3.152 da ke cikin tsohuwar 135. Harafin U a tsakiyar lambar na nuna a Birtaniya aka ƙera shi, harafin ƙarshe kuma shekara. Famfon gas, wanda galibi ƙirar CAV ne a tsofaffin motoci, shi ma yana da nasa faifan. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku ya riƙe kusan duk abin da mai shago ke bukata. Mafi yawan masu tarakta ba su taɓa duƙawa sun dube su ba, ko kuma sun duba sun tarar babu.

Inda lambar take ɓacewa

Faifan kan faɗi saboda girgiza, tsatsa ta cinye shi, ko fenti ya rufe shi. Na ukun ya fi yawa. Taraktar gwanjo kafin ta kai hannun manomi takan bi ta hannun dillalai biyu ko uku, kuma kusan kowanne yana so ta yi ƙyalli. Mai fenti ba ruwansa da faifai, duk inda feshi ya kai ya kai. Sannan akwai sitika. A kasuwannin kayan gyara ana sayar da sitikun lambobin tarakta kamar yadda ake sayar da na babur, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ƙaramar mota ta kwana da lamba ɗaya ta wayi gari da wadda ta fi ta daraja. Mai saye ya tafi gida yana ganin babba ya saya, ya ɗaura mata haro mai nauyin da ba za ta iya ja ba, ya yi ta mamakin yadda take cin kuloc. Ranar da ya je sayen kaya da lambar sitika, yana faɗin gaskiyar abin da ya sani ne, amma ƙaryar da aka yi masa yake maimaitawa.

Wani abin kuma shi ne, mai tarakta ba shi ne mai tuƙa ta ba. A yawancin garuruwa masu ita ƴan kasuwa ne, ko tsofaffin ma'aikata, ko sarakuna, ko ƙungiyar manoma da ta samu tallafi. Mai kuɗin yana birni, direba yana daji, makanike yana wani gari. Idan ta tsaya, direba ya kira mai gida ya ce wani abu na ƙara a ciki. Mai gida ya kira makanike, makanike ya faɗi sunan kayan ta waya. Mai gida ya kira ƙaninsa ko wani yaronsa a Kano, shi kuma ya shiga Ƙofar Ruwa da abin da ya ji. Mutum huɗu ko biyar ke nan tsakanin ƙarfen da ya karye da hannun mai shago, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake tsaye gaban motar da lamba a rubuce.

Takarda ma babu. Motar haya ko ta shiga ana tilasta mata katin mallaka saboda jami'an hanya, kuma a katin akwai lambar shasi. Tarakta kuwa rayuwarta a gona take yi, ba kasafai wani ke tambayar takardunta ba. Takardar duwan, idan ma an yi ta, tana hannun wanda ya fara shigo da ita. Littafin da masana'anta ke haɗowa da sabuwar mota kuwa, da Turanci ne ko Sinanci ko Rashanci, kuma yakan ƙare a durowar ofishin da ya raba motocin.

Hausa ɗaya, sunan ƙarfe biyu

Akwai wata tangarɗa da ta keɓanci Hausawan da ke zaune a ƙetaren iyakokin Najeriya. Makaniken Tasawa da ɗan kasuwar Kano harshe ɗaya suke magana, amma ba da suna ɗaya suke kiran ƙarfe ba. Shi na Nijar, kamar takwaransa na Marwa ko Injamena, a gareji mai amfani da kalmomin Faransanci ya koyi aiki: rulma, segima, shemiz, juwan, ambireyaj. Na Kano kuwa boris ya sani, da ringi, da laina, da gasket, da kuloc. Manyan ƴan kasuwar da suka daɗe suna hulɗa da baƙi sun iya duka biyun, amma yaron shago da aka bar wa kanti bai iya ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce bai gane ba. Sai ya ce akwai.

Awo ma haka. Tsofaffin motocin Ingila da inci aka yi kusoshinsu, na Sin da na Belarus da milimita. Makaniken da ya tashi da sifana mai lambar milimita yakan tilasta ta a kan noti mai awon inci har kan ya mutu. Idan aka kai sandar inji wajen masu wanke ta, sai a rage kaurinta da kashi goma cikin dubu na inci, wato milimita 0.25, wani lokaci ninki biyu ko uku na haka. Daga ranar ƙarafan da take juyawa a kansu sun tashi daga awon masana'anta. Wanda ya yi aikin ya san nawa ya rage. Bayan shekara uku an sayar da motar, makaniken ya koma wani gari, kuma babu wanda ya rubuta.

A nan ya kamata a yi wa makanikan yankin adalci. Ba don su ba, da rabin taraktocin da ke aiki a yau sun daɗe da zama matattarar kaji. Su ne ke ɗauko inji daga mataccen janareto su dasa a tarakta, tunda Perkins 4.236 an sa shi a injinan wuta da na gine-gine da yawa. Su ne ke haɗa gaban wannan da bayan waccan. Sai dai wannan basira tana da farashi: motar da ta shekara talatin a hannunsu ba ta sauran zama irin da masana'anta ta sani. Ko faifan yana nan daram, bayanin da yake bayarwa na motar da ta fito daga Coventry ne, ba na wadda ke tsaye a gindin gawo ba. Shi ya sa shawarar da ake yawan bayarwa, wai a duba lambar shasi kawai, ba ta wadatar ba. Abin da ake bukata shi ne sanin abin da ke cikin motar a yau.

Dabarar da aka fi dogara da ita ita ce kai samfur, wato a kwance abin da ya lalace a tafi da shi kasuwa. Ga bel, tiyo, famfon ruwa ko faifan garma, dabarar tana aiki. Tana gazawa ne a wuraren da suka fi tsada. Bakin allurar feshin gas guda biyu za su iya zama iri ɗaya sak a ido alhali ramukansu sun bambanta. Faifan kuloc da ya ƙone ya cinye, ba lallai a iya auna faɗinsa na asali ba, kuma adadin haƙoran tsakiyarsa kan bambanta ko a cikin dangi ɗaya. Matatar mai kan ɗauru daidai amma ba ta tace abin da ya kamata ba, sai bayan wata biyu famfon gas ya mutu, a ɗora laifin a kan gazuwal ɗin bumburutu. Ga shi kuma muddin samfur na kan hanya, motar a buɗe take, ƙura na shiga.

Iyaka ta ƙara wa kuskure tsada

Da can kuskuren sayen kaya ɓata rana biyu ne. Daga Maraɗi mutum ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina, daga Damagaram ya bi ta Matamai ko Magarya ya faɗa Kano, daga Birnin Ƙonni ya tsallaka Illela. Na arewacin Kamaru suna da Mubi da Yola, na Kusiri da Injamena suna da hanyar Gamboru zuwa Maiduguri kafin rikicin Boko Haram ya dagula ta. Shekarun baya-bayan nan sun sauya wannan lissafi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake rufe su har zuwa Maris na 2024. Iyakar Nijar da Benin ta Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe bayan ɗage takunkumin, abin da ya karkatar da kayan da ke bin tashar Kwatano zuwa Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Duk ɗan kasuwar da kayansa ke ɗaukar makonni a hanya zai rage abin da yake ajiyewa, ya tsaya kan wanda ke fita da sauri. Kayan motar da ba kowa ke da irinta ba su ne na farko da ke ɓacewa daga kanta.

Faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa kasuwannin Najeriya sun yi wa mai riƙe da sefa sauƙi, kuma hakan ya ƙara tura masu tarakta can. Amma kayan da aka saya da naira, aka biya musu kuɗin mota, aka sallami shingaye a hanya, ba a mayar da su. A rasiɗan shaguna da yawa ma a rubuce yake cewa abin da aka saya ya sayu. Mai tarakta ya tashi da asara uku: kuɗin kayan da ba su yi ba, kuɗin na biyun da zai sake saye, da kwanakin da motar ta yi a tsaye. Ta ukun ta fi ciwo, kuma ba shi kaɗai ke ɗaukarta ba. A ce tarakta ɗaya na yi wa gida goma aiki a rana biyu. Mako guda a tsaye ya isa ya jefa gidaje talatin ko fiye cikin zaɓi tsakanin komawa ga garmar shanu, idan akwai shanun, da shuka a makare. Yawancinsu ƙananan manoma ne da ba za su taɓa mallakar tarakta ba, kuma ba su da ta cewa kan yadda ake kula da ita.

Ba za a ce masu shago ba su da laifi ba. Akwai waɗanda ke cin gajiyar duhun kan mai saye, su miƙa masa jabu a kwalin asali, tunda wanda bai san lambar kayansa ba ba zai iya gane na gaske ba balle ya yi gardama. Amma ɗan kasuwa mai amana ma hannunsa a ɗaure yake idan abin da aka kawo masa shi ne launi.

Rabon gwamnatoci

Wani kaso mai yawa na wannan ruɗani daga manyan sayayyar gwamnatoci ya samo asali. Kamaru ta karɓi bashi daga Indiya aka kafa wurin harhaɗa taraktocin Sonalika a Ebolowa, garin da ya karɓi babban bikin noma na ƙasa a Janairun 2011. Jaridun ƙasar sun daɗe suna nuna hotunan taraktoci jere a fili ciyawa na cin su. Ebolowa tana kudu, fiye da kilomita dubu daga Garwa, inda ake noman auduga da masara, balle Yagwa inda SEMRY ke noman shinkafa. A Cadi an kafa SIMATRAC a Injamena, ita ma da kuɗin Indiya, aka riƙa raba motocin ta hannun shirin wadata ƙasa da abinci na PNSA, kuma ƙorafin da ya fi fitowa daga jihohi shi ne motoci a tsaye babu kayan gyara. A Nijar CAIMA ce ta riƙa sayar da taraktoci da rangwame, musamman a zamanin shirin 3N da aka ƙaddamar a mulkin Mahamadou Issoufou.

Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne, ƙasar da ta ba da bashi ita ke zaɓar motar. Bana Indiya, baɗi Sin, wata shekara Brazil ko Belarus. Kowane zubi na zuwa da ƙirarsa, a yi bikin miƙa makullai, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyar babu wakilin kamfanin a jihar, kayan gyaran da aka haɗo da su sun ƙare, kuma irin motar ba ta kai yawan da ɗan kasuwa zai ɗaure jarinsa a kanta ba. Manomin da ya ce tasa irin ta gwamnati ce bai yi wauta ba. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan ranar da aka miƙa masa makulli.

Gana ta ga irin wannan. Tun 2007 gwamnati ta kafa cibiyoyin hayar tarakta na AMSEC ta shigo musu da sababbin motoci iri-iri, amma masu zaman kansu a yankunan Ejura da Tamale suka ci gaba da fifita tsofaffin Massey Ferguson na gwanjo. Dalilinsu a fili yake: makanikai sun san cikinta, kuma kayanta na nan a Suame Magazine ta Kumasi, inda Hausawan zango da yawa ke sana'a. Manomi ya gwammace tsohuwar da za ta gyaru da sabuwar da za ta zama gumki. Hukumar FAO da Tarayyar Afirka sun fitar da wani tsarin bunƙasa noma da injina a 2018 wanda ya jaddada cewa sayen injin kaɗai ba ya wadatarwa sai da gyara, horo da kayan maye. Har yanzu dai a jawaban shugabanni adadin taraktocin da aka sayo ake ƙirgawa, ba adadin waɗanda ke tashi idan an murza makulli ba.

Abin da bai bukatar bashi

Wani ɓangare na maganin yana aljihun kowa. Wayar da ake tura saƙon murya da ita a WhatsApp tana ɗaukar hoto. Da rani, lokacin da motar ke hutawa, a wanke ta, a goge faifan shasi da ɗan man fetur da tsumma, ba da takardar gurza ba, domin ita tana share rubutun. A nemo lambar inji a jikin bulok, a shafa mata alli don haruffan su fito. A ɗauki faifan famfon gas, da na gatarin gaba idan mai ja da ƙafa huɗu ce, da lambobin da ke jikin matatun da aka tabbatar sun dace. Hotunan su zauna a wayar mai gida, ta direba da ta makanike. A kuma rubuta lambobin da fenti a cikin murfin akwatin kayan aiki, domin waya na faɗawa ruwa. Littafin makaranta na dala ashirin ya isa a riƙa rubuta duk aikin da aka yi wa inji, musamman idan an wanke sanda ko an sauya inji gaba ɗaya. Motar da ke da irin wannan littafi ta fi daraja ranar sayarwa, kuma mai saye da ya nemi ganin faifai kafin ya biya ya rufe wa mai sitika ƙofa.

Kamfanin AGCO, wanda ya mallaki Massey Ferguson tun 1994, ya sa littattafan kayan gyaransa a intanet, masu zane da lambar kowane ƙarfe. Matashin da ya iya karatu a kowace ƙungiyar manoma zai iya koyon duba su, tare da sanin cewa ƙirar Pakistan ko Indiya na iya saɓawa. Ga masu ƙananan injinan Sin mai silinda ɗaya, waɗanda ke jan ƙaramar garmar hannu, injin niƙa da famfon ban ruwa, abin ya ma fi sauƙi, domin sunan injin shi ne awonsa: 195 na nufin silinda ɗaya mai faɗin milimita 95, 1100 mai milimita 100, 1115 mai milimita 115. Mutane da dama sun shekara goma da irin wannan inji ba wanda ya taɓa gaya musu haka.

Sauran aikin na hukumomi ne, kuma ba mai tsada ba ne. Majalisun manoma na jihohi da ke ƙarƙashin RECA a Nijar sun riga sun saba amsa tambayoyin manoma ta waya da Hausa da Zabarmanci, kan taki, iri da maganin ƙwari. Ƙara musu ƴar takarda mai hoto da ke nuna inda lambobi suke a manyan nau'o'in tarakta biyar ko shida, da jerin sunayen ƙarafa a bakin garejin Nijar da na kasuwar Kano gefe da gefe, aikin ƴan makonni ne. Tunda kundin da aka amince da shi a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, babu hujjar da za ta hana a sa wa duk kamfanin da ya ci kwangilar kawo tarakta sharaɗin haɗo takardar kulawa da Hausa, da katin da ke ɗauke da lambobin motar a miƙa wa wanda ya karɓe ta. Irin wannan takarda za ta yi aiki a Garwa, Kusiri da Gadarif kamar yadda za ta yi a Madarunfa, tunda injin ɗaya ne. Sharaɗin da ya fi wannan nauyi shi ne a daina karɓar kowace irin mota don kawai mai ba da bashi ita yake da ita, kuma a wajabta wa mai kawowa buɗe shago a jihar da motocin za su yi aiki, ba a babban birni kaɗai ba. Wannan kam sai gwamnatin da ke shirye ta ce wa mai ba ta rance a'a.

Kafin nan, a bayan ma'aikatun gona na jihohi da harabar ƙungiyoyin manoma da yawa akwai taraktoci kwance, taya a sace, wasu abin da ya kwantar da su bai fi ƙarfe ɗaya ba. Da yawansu yanzu su ne shagon kayan gyara na waɗanda suka rage a raye: yau a cire famfo, gobe a cire sitata. Ƙarafan da aka cira kuwa suna shiga jikin wasu motoci ba tare da an rubuta ko'ina ba, ta yadda mai gida na gaba zai gaji tarakta mai inji daga wuri ɗaya, giya daga wani wuri, da sitikar da ba ta da alaƙa da ko ɗayansu.